Kakakin da Aka Sabunta wa Zane

Tunda ka ce gyara za ka yi, tsaya ka ji wannan tukuna. An yi wani mabushi da ya gaji kakakin tagulla daga mahaifinsa, shi ma daga nasa uban. Maƙerin da ya ƙera shi a zamanin da ya bi jikinsa da zane tun daga mabusa har baki: ga dagi, ga ganye, ga 'yan ɗigo-ɗigo. Amma gumin hannu ya ci, toka da tsamiyar wanki sun ci, har sai ka karkata shi a rana kafin ka ga zanen. Murya kuwa ba a magana. In ya busa ran Juma'a, na bayan ganuwa ma sun san shi ne. Wata rana abokin busarsa ya zo da sabon kakaki, zane raɗau, mutane suka yi ta shafawa. Mutumin namu ya dubi nasa, sai kunya ta kama shi. Ka ji fa, kunyar abin da ya fi na kowa.

Ya kai wa wani tsohon maƙerin fari, mai aikin tagulla, ya ce a sake bin zanen. Tsoho ya ƙwanƙwasa da farce, ya saurara, ya ce, "Ɗana, abin da ya cinye zanen nan ya cinye kaurin ƙarfen. Bar shi haka." Bai ji ba. Ya wuce rumfa ta gaba, inda ba a yi masa musu ba. Aka ɗora kurfi, ɗan ƙarfe mai tsinin da ake fitar da zane da shi, ana bugu a hankali, zane yana fitowa, shi kuwa baki har kunne. Ana gab da gamawa, daidai inda hannu ke riƙewa, kurfi ya huda kakakin ya faɗa ciki. Aka toshe da dalma, aka goge tas. Ran Juma'a ya cika kumatu ya busa, sai ga wata shaƙaƙƙiyar murya kamar ta zakara mai mura. Ya sake, haka dai. Ya sauke kakakin yana dubansa, bai taɓa kyau irin na ranar ba, hawaye suka zubo masa. Ya ci gaba da busa har tsufansa, amma muryar da kakansa ya bar masa bai ƙara jin ta ba.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira an rasa ido.