Sabon Kocin Kulob

"Idan Oga ya ga yadda kake riƙe sandar nan, ka kaɗe," in ji abokina Sam.

Gaskiyarsa. Shekara uku ke nan duk Asabar nake saɓa jakar golf, in ce wa matata Damaris na tafi kulob, in zarce shagon Sam a Makera mu sha farfesun kan akuya, mu buga ludo. Ƙwallo ko ɗaya ban taɓa bugawa ba. A ofis kuwa na cika baki har Oga ya ce ni ne abokin wasansa a gasar ƙarshen wata.

"An ɗauki sabon koci a kulob, kowa sai yabo," in ji Sam. "Je ka koya."

"Ni gwani guda, in koma ɗan koyo? Idan aka gan ni fa?"

"To, Oga ya gan ka."

Kwana biyu ina juya maganar. Ranar Asabar, Damaris na fita zumuntar mata kamar kullum, na jawo hula har hanci, na haye gada zuwa kulob.

Mai gadi ya nuna mini kocin daga nesa. Bugu ɗaya, ƙwallo ta ɓace a sama. Koci ya juyo.

Damaris ce.

"Baban Celina, sannu da zuwa," ta ce. "Shekara uku ina zuwa nan neman ka. Da jira ya ishe ni, na ɗauki sanda. Gyara tsayuwarka."