Kifin da Ke Littafin Auta

"Babu sunanta," in ji Malama, tana ninke takardar.

Uwar Auta ta gyara tsayuwa a bakin ƙofar ajin. Tun rasuwar mijinta ba ta taɓa roƙon kowa ba sai yau. Makaranta za ta fara ciyar da yara goma mafi bukata, ga Auta duk ta rame.

"Malama, ki dube ta mana. Iska ma kayar da ita take yi."

"Na gani, Maman Auta, amma ko sikeli ba mu da shi. A darasin abinci mai gina jiki nakan sa su zana abin da suka ci a gida, da shi na zaɓa. Wasu kwano kawai suke zanawa, wayam."

Ta buɗe littafin Auta. Ƙwai, kifi, wake, lemo, shafi bayan shafi, goma bisa goma da jan biro.

"Kin gani? 'Yarki ta fi ni cin daɗi! Da ita nake wa sauran misali."

Uwar ta ƙura wa kifin ido. Ta san shi, har karkatacciyar wutsiyarsa. Ranar da Auta ta fara zana gayan abinci, ita ce ta goge, don kada a ji sirrin gidansu.

"Malama," ta ce a hankali, "ni na zana mata. Auta ba ta taɓa cin kifi ba."