Kejin Tukku a Buɗe

Da mai gyaran agogo ya dawo daga asibitin ido, ya tarar da ƙofar kejin a buɗe, tagar falo ma a buɗe. Tukku ba ya nan.

Shekara tara ke nan ɗan ƙaramin akun nan mai tukku rawaya da jan kumatu yana tare da shi, tun matarsa tana raye. Shi ke tashinsa da fito da safe, shi ke zama a kafaɗarsa yana jan hannun tabarau idan ya duƙufa kan aiki. Saboda shi ne ma tsohon ya ƙi komawa wurin 'yarsa tilo, domin a benen da take haya an hana ajiye tsuntsu.

Yana kiranta a waya ta taho. Da mukullinta ta buɗe ƙofa, ta same shi tsaye riƙe da kejin.

"Baba, ka tabbata ka rufe shi kafin ka fita?"

Ya buɗe baki zai ce e, sai ya ji bai tabbata ba.

"Makon jiya ma fa ka bar buta a kan wuta," ta ce a hankali. "Zaman nan kai kaɗai ya fara ba ni tsoro."

Ba ta yi ƙasa a gwiwa ba. Ta bugo takardun cigiya hamsin da hoton Tukku, ta sa lambarta a ƙasa don kada a dame shi da kira. Tare suka bi layi-layi suna mannawa. Shi kuwa duk bishiyar da ya gani sai ya tsaya a gindinta yana fito har leɓensa ya bushe, masu wucewa suna waiwayensa.

Kullum da yamma tambayarsa ɗaya ce: "An kira?"

"Ba a kira ba, Baba."

Ya riƙa barin tsaba a bakin taga, tsuntsayen gari suna cinyewa. Ya daina yarda da kansa. Sau uku yake komawa ya taɓa ƙofa ya ji ko ya kulle. Wani tsohon abokin cinikinsa ya kawo agogo, ya mayar masa ba tare da ya buɗe ba, ya ce hannunsa ya fara rawa. A rana ta goma sha biyu ya ce wa 'yarsa ya yarda, zai koma wurinta. Washegari ta fara kawo kwalaye.

Abu ɗaya ya yi bai gaya mata ba, don kada ta ce ya ƙi haƙura. Ya je shagon da yake sayen tsaba, ya rubuta cigiya da biro, ya sa tasa lambar, ya roƙi mai shagon ya manna a jikin kanta.

Bayan kwana huɗu, yana naɗe kayan aikinsa a tsumma, wayarsa ta yi ƙara. Wata malamar makaranta ce. Ta ce ta je sayen tsaba ta ga takardarsa, kuma akwai tsuntsu irin wannan a gidanta, amma ba ta jin nasa ne.

Ya hau mota ya tafi shi kaɗai.

Tun daga bakin ƙofa ya yi fito. Daga ciki aka amsa. Tana buɗe kejin Tukku ya yi fir ya sauka a kafaɗarsa, ya kama hannun tabarau yana ja. Tsohon ya zauna a kujera yana dariya, hawaye na zuba.

"Allah ya saka miki, 'yata. A ina kika tsince shi? Na bar keji a buɗe ne, tsufa ya zo."

Malamar ta dube shi, ta dubi tsuntsun, fuskarta ta sauya.

"Ai ba tsintarsa na yi ba, Baba. Wata mata ce ta kawo min shi a kwali har gida. Har kuka ta yi, ta ce na mahaifinta ne, ya rasu."