Mai Buga Fegi Daga Ƙasa

"Yaya, turo."

Sai da maganar ta fita kafintan ya tuna yau kwana tara da binne yayan nasa.

Shekara ashirin suna haɗa daɓen bene na katako ba ƙusa ba noti. Shi yana sama yana daidaita falankai, yayansa yana ƙasa yana buga fegin da ke ɗinke su. In yayan ya ƙwanƙwasa sau biyu, fegi ya zauna. Sau uku kuwa, sauko ke nan, aiki ya ƙare.

Yana durƙushe yana share ido, sai ga fegin ya taso ta ramin falankin a hankali, kansa a karkace hagu yadda yayansa bahago ya saba barinsa.

Injiniyar ginin ta tsaya cak a bayansa. "Malam, wa ka sa a ƙasa? Ɗakin a kulle yake tun jiya, ga makullin a hannuna."

Ya ɗora tafinsa a kan falankin yana roƙon Allah a ransa.

Aka ƙwanƙwasa sau ɗaya, aka ƙara. Har ya fara sauke numfashi, sai na ukun ya zo daidai ƙarƙashin gwiwarsa.