Jan Ado a Zauren Baba Barau

Tun da aka kafa sabuwar dokar, duk gidan ƙasar da na'ura ta haddace siffarsa ana ɗauka an adana shi ke nan, katafila na iya bi ta kansa. Aikin da kamfanin zanen gine-gine ya tura Uwani yi cikin birnin Zariya ke nan, ita da ba abin da take ƙauna kamar tsohon gini.

Ta kafa na'urar a zauren Baba Barau, tana shafa zanen da kakansa ya yi wa bangon da hannu.

"'Yata, kashe abin nan," in ji tsohon. "A gidan nan aka yanke mini cibiya."

"Baba, ko na kashe, wani za a turo."

Ya kai wa na'urar duka da sandarsa, sandar ta sami Uwani a goshi. Nan take dakarun rusau biyu da suka rako ta suka afka masa. Ɗaya ya murɗe masa hannu har ya karye, ɗayan ya dinga buga masa kai da bango har jini ya fantsama. Tana ihun "Ku bari, tsoho ne!" suka ja shi waje ta ƙafa, ko motsi ba ya yi.

Na'urar ta ce a hankali, "An sami sabon jan ado a bangon gabas. A goge daga siffar da aka ɗauka?"

A ƙofa an riga an tayar da katafila. Uwani ta share jinin da ke shiga idonta.

"A bar shi," ta ce. "Na gidan ne."