Akushin Dambu a Bakin Jan Layi

Tun da aka shata jan layi a tsakiyar Kwarin Gamji aka hana kwanon ciyayya tsallakawa. Gabas na cin sabon gero mai gina jiki, yamma na cin na da, wai don masu bincike su kwatanta. Gidan Inna Tasalla a yamma ya faɗo, jikarta Laure kuwa sai ramewa take yi.

Ran nan Inna ta ɗauko akushin dambu za ta kai wa Gambo, aminiyarta ta gabas. Sagiru mai tsaron layi ya tare ta.

"Inna, yi haƙuri, abinci ba ya hayewa."

"Kai ɗan Kulu! Da uwarka ta haife ka, wa ya dama mata kunun kanwa? Gambo ce ta ciyar da ni ina takaba, yau kai za ka hana ni ramawa?"

"Doka ce, Inna. Ku ne ma'auni. In ba a bar ku yadda kuke ba, ta yaya za a san geron yana aiki?"

"Ma'aunin uwaka! Je ka dubi wuyan Laure. Jikokin Gambo kumatu har rawa suke. Me ya rage ba ku sani ba?"

Sagiru ya sassauta murya. "Ko loma ɗaya ta haye, gwajin ya ɓaci. Sai a rushe komai, a sake jefa ƙuri'ar ɓangaren da zai ci sabon geron."

Inna ta tsura masa ido.

"A sake ƙuri'a, ka ce?"

Ta dunƙula dambu cike da tafin hannu, ta ƙwala kira:

"Gambo! Fito ki buɗe baki, ki taho da shaidu!"