Sitikar Gida Mai Lamba Sha Bakwai

Auta kafinta ne, shagonsa yana zauren gidanmu. Shi ne ƙaramin ɗan Inna, ni ce babba. Tun da mijina ya rasu na dawo gida, mu uku muke zaune, katangarmu tana kallon bayan babban filin wasa. Inna tana da ciwon numfashi. Duk sanda ya taso mata, Auta yakan sa ta a tsohuwar a-kori-kurarsa, minti goma mun isa asibiti, a sa mata iskar nan ta hanci, mu dawo tana yi masa faɗan gudu da mota.

Shekarar da aka kawo gasar ƙwallo ta ƙasashen duniya garinmu, unguwa ta sake kama. Aka shafe katangu da fenti, aka cike ramukan titin da muka shekara goma muna kuka da su. Inna ta leƙa ta ce, "Ashe suna da kwalta. Baƙi suke jira."

Sai aka zagaye unguwar da shingen ƙarfe. Kowane gida aka ba shi sitika ɗaya mai ɗauke da lambarsa, a manna a gilashin mota. Ranar wasa, mai sitika ne kaɗai ke shiga da fita ta wata ƙaramar hanyar baya da aka ware mana. Motar da ba ta da ita kuwa, sai a kai ta wani fili can bayan gada a ajiye.

Wani mai jigilar baƙi daga otal-otal ya riƙa bin gidaje yana sayen sitika, da alkawarin dawo da ita bayan gasar. Wata safiya na tarar da Auta ya kanga butar ruwan zafi a jikin gilashin motarsa, yana bin gefen sitikar da reza a hankali.

Na ce, "Auta, me kake yi haka?"

Ya ce, "Yaya, takarda ce fa. Sati biyu ne kawai ya dawo da ita. Duk layin nan an sayar, har mai wanki da ko keke ba shi da shi."

"In ciwon Inna ya tashi fa?"

"Wata nawa rabonsa da tashi? Ke kullum sai kin kira abin da yake kwance."

Na yi shiru na koma ciki. Wannan shirun har yau yana ci na.

Da abin da ya samu ya sayo wa Inna ƙatuwar talabijin. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ɗan nan, ga 'yan wasan can bayan katanga. In na buɗe taga ina jin su kyauta." Amma ta ji daɗi, ta yi ta sa masa albarka. Ba wanda ya gaya mata daga ina abin ya fito.

Ranar wasan ƙarshe, tun da hantsi titi ya cika. Masu goyon baya suna ta kunna wani hayaƙi mai launi, ja da shuɗi, iska tana turo shi ta tagoginmu. Bayan azahar Inna ta fara jan numfashi da ƙyar. Na ba ta abin shaƙarta, sau biyu, sau uku, bai yi komai ba. Leɓenta ya fara canja launi.

Auta ya fita da gudu, ko takalmi bai tsaya sakawa ba. Dubban mutane suna shigowa, shi kaɗai yake kutsawa zai fita. Kafin ya kai bayan gada inda aka ajiye motarsa, ya kawo ta bakin shinge, kusan awa guda ta wuce. Daga baya shi ya ba ni labarin abin da ya faru a wurin.

Jami'in tsaro ya ce, "Ina sitikarka?"

"Ranka ya daɗe, uwata ce ba lafiya. Gida mai lamba sha bakwai."

Jami'in ya duba takardar hannunsa ya ce, "Sha bakwai ta shiga tun safe, da baƙi shida a ciki. Kai kuma wace sha bakwai ce?"

Ba mugu ba ne. Ya kira na gaba da shi, ya kuma kira motar asibiti. Sai dai kowane kira da lokacin da yake ci.

Mu kuma da muka gaji da jira, mai wanki da tela da wasu maƙwabta biyu suka ɗauko wani ƙyauren ƙofa da Auta bai gama gogewa ba, muka kwantar da Inna a kai. Ina riƙe da hannunta muna ratsa taro. Wani baƙo da ba ma jin yarensa ya cire hularsa yana yi mata fifita, yana daka wa mutane tsawa su ba da hanya.

Muna hango a-kori-kurar ta cikin shinge, sai filin wasa ya ɗauka da ihu, har ƙasa tana rawa. An ci ƙwallo. A cikin ihun nan na ji hannun Inna ya saki nawa.

Kwana huɗu bayan haka mai jigila ya zo da sitikar a cikin ambulan, kamar yadda suka yi alkawari. Ya ga tabarmin zaman makoki, ya miƙa ambulan ɗin. Auta ya karɓa da hannu biyu, ya shiga shago ya rufe ƙofa.

Baƙi sun tafi, an kwashe shinge, fentin ma ya fara ɓamɓarewa. Talabijin tana nan a ɗakin Inna, lulluɓe da zanenta, ba wanda ya sake kunnawa.

Jama'a, abin da aka tanada domin ranar larura kada a sayar da shi don ana cikin lafiya yau. Kuma in kun ga naku zai yi hakan, ku buɗe baki ku hana shi, kada ku yi shiru kamar yadda na yi.